Filin Jirgi a Gonar Gero

Alhamis, 11 ga Agusta 1955, bayan magariba

Ruwa: babu. Iska daga kudu maso yamma. Hadari ya rufe sama tun azahar, bai zubo ba.

Wannan shi na sa a takardar aiki. Abin da zan faɗa yanzu ba shi da gurbi a cikinta, shi ya sa nake rubuta shi nan.

Awon yamma ƙarfe shida ne. Amma tun da na gama makarantar aikin yanayi a Ikko aka turo ni Tambuwal in riƙa auna ruwan sama da zafi da iska, ban taɓa jiran shida ta buga ba. Tun biyar da kwata nake fita in tsaya gaban ma'aunin, don gudun makara. Ɗanmaliki, malamin gidan waya, ya ce ko ango bai ɗokin amarya yadda nake ɗokin gwangwanin nan.

Ina tsaye, biyar da minti ashirin da biyar, na ji jirgin sama. Ƙarami ne, mai inji ɗaya, can bisa gajimare. Ban gan shi ba. Ya fito daga arewa maso yamma ya nufi kudu, wajen Kebbe. Shanun da ke kiwo bayan makaranta duk suka ɗaga kai. Minti biyu, ƙarar ta ɓace.

Tambuwal ba ta kan hanyar kowane jirgi. Na duba taswira sau biyu.

Jumma'a, 12 ga Agusta, goma na safe

Ɗanmaliki ya zo da kansa, kuma bai tsokane ni ba. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

An bugo waya daga Sakkwato zuwa duk tashoshi. Wani ƙaramin jirgi ya tashi daga Yamai jiya zuwa Sakkwato, bai iso ba. Mutum uku ne ciki: matuƙin, wanda Bafaranshe ne, da Baturen dabbobi, da malamin dabbobi.

Malamin dabbobin Jumare ne, mijin yayata Zahara'u. Mako biyu ke nan da ya raka Baturen taro kan ciwon bushiya mai kashe shanu, saboda yana jin Fillanci da Zabarmanci. A mota suka tafi. Ruwa ya yanke hanya, aka ba su jirgi su dawo. Na san yadda ya ji da aka gaya masa. Da shekara zai yi yana ba mu labari, yana ce mini, “Sarkin Gwangwani, kai ƙasa kake auna sama, ni na shiga cikinta.”

Ƙarfe biyu na rana

Na yi lissafi.

Daga filin jirgin Yamai zuwa na Sakkwato, a miƙe, mil ɗari biyu da goma. Irin wannan jirgi yana cin mil ɗari da ashirin a awa. Tafiyar awa ɗaya da minti arba'in da biyar ke nan. Ya tashi ƙarfe ɗaya agogon Yamai, wato ƙarfe biyu agogonmu, don suna bayanmu da awa guda. Ya kamata ya sauka huɗu saura kwata. Man da ke cikinsa na awa huɗu ne. Ƙarfe shida agogonmu, ko yana ina, dole ya bar sama.

Na ji shi biyar da ashirin da biyar, kusan mil hamsin kudu da hanyarsa. Saura masa man minti talatin da biyar.

Na buga wa Sakkwato abin da na ji da lokacin da na ji shi. Ban ƙara ko kalma ba.

Lahadi, 14 ga Agusta, bayan la'asar, Kebbe

Awa uku da rabi a keke, hanya duk laka. Ɗanmaliki ya karɓi awon yau. Na nuna masa sau uku yadda ake karanta kwalbar, har ya ce in na sake nunawa zai shanye ruwan.

Baba Maccido, mahaifin Jumare, yana zaure yana gyaran igiya. Kunnensa ya yi nauyi tun shekarar sanƙarau, sai ka matso ka ɗaga murya, kuma bakinka yake kallo. Jumare ɗan farinsa ne. Tun da na san gidan nan ban taɓa jin ya kama sunansa ba. Ranar da aka ba Jumare aiki ma, ana ta murna, shi gona ya tafi.

Ya tambaye ni lafiyar hanya, da tayar keke, da yadda damana take a Tambuwal. Sai da na miƙe zan shiga cikin gida ya ce, yana kallon igiyar:

“An ce wani jirgi ya ɓace.”

“E, Baba.”

“To. Allah shi maido ma mutane ɗiyansu.”

Yaya Zahara'u na zaune bakin murhu. Cikinta wata bakwai. Yaranta biyu na maƙale da ita.

“Atu, kai da anka kai har Ikko karatun sama, faɗa man ina shike.”

“Karatun ruwan sama na yi, Yaya.”

“To ai duk sama guda ce.”

Ta zuba tuwo kwano huɗu, ta rufe ɗaya da faifai ta kai ɗakinsa.

Laraba, 17 ga Agusta, bakwai na safe

Ruwa: inci ɗaya da ɗigo biyu.

Jiragen nema biyu sun yi kwana huɗu suna yawo da safe. Sun bi hanyar Yamai, sun dawo sun bi dajin Kebbe saboda wayata. Hakimi ya sa mafarauta sun shiga dajin ta garin Fakku. Wani makiyayi ya ce ya ga jirgin ran nan ya shiga wani baƙin gajimare, ya tsaya yana jiran ya fito ta ɗaya gefen har shanunsa suka yi nisa.

Ba tarkace, ba hayaƙi, ko ungulu ba a gani suna kewaya ba.

Jiya da rana aka janye jiragen.

Alhamis, 18 ga Agusta, shida da kwata

Ruwa: babu.

Sauran sai an jima.

Bakwai saura kwata

Biyar da ashirin da biyar. Daga arewa maso yamma zuwa kudu. Inji ɗaya. Minti biyu. Shanun bayan makaranta sun ɗaga kai. Kwalbar awo tana kan akwati da ɗan ruwa a cikinta, na ga fuskar ruwan tana karkarwa.

Na ruga gidan waya. Ɗanmaliki ya ce shi bai ji komai ba, na'urarsa na ta ƙyas-ƙyas. Ya dube ni ya ce, “Malam Atu, yaushe rabonka da abinci?”

Jumma'a, 19 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Amsar Sakkwato: babu jirgin da ya tashi jiya, namu ko na Faransa.

Mil ɗari biyu da goma. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Mai na awa huɗu.

Lahadi, 21 ga Agusta, bayan magariba, Kebbe

A nan ma an ji. Wasu dai. Yaya ta ce tana tankaɗe ta ji shi ya bi ta bisa gidan. Rabin unguwa sun rantse sun ji, rabi sun ce tsawa ce daga nesa.

Bayan la'asar Baba Maccido ya ce in raka shi gona. Gonar doguwa ce siririya, ta bi gefen fadama. Gero ne daga bakin hanya, dawa daga can ƙarshe. Geron ya fid da kai ya yi bununi, bana ya yi kyau ƙwarai. Saura mako uku ko huɗu a girbe. Daga gonar nan gidan ke ci, su shida har da Goggo, ƙanwar Baba, ga na bakwai tafe.

Ya tsaya ya juyo, ya kafa wa bakina ido.

“Attahiru, ni ba ni jin komi. Mata na faɗa man abin da suka so in ji. Maza na faɗa man abin da sunka ji mata na faɗi. Kai ko, an ce ko ruwa ya zuba ba ka cewa ya zuba sai ka auna. Kai nika tambaya. Jirgi na iya kwana bakwai sama?”

“A'a, Baba. Awa huɗu.”

“To ran Alhamis, ka ji ko ba ka ji ba?”

Na yi ta neman wata amsa wadda gaskiya ce kuma ba wannan ba. Ban samu ba.

“Na ji, Baba.”

Ya gyaɗa kai, kamar na gaya masa kasuwa ta ci.

“Shina biɗar wurin sabka. Daji duk itace, gonaki duk hatsi. Ko tsuntsu sai ya ga fili.” Ya dubi geron. “Fili nawa irin wanga jirgi ka so?”

Tambaya ce mai amsa, sai na amsa. Na ce littafi ya ce yadi ɗari shida, a share, a baje. In matuƙin gwani ne, ɗari huɗu na iya isa.

“Auna man geron ga.”

Na taka shi daga bakin hanya zuwa inda dawa ta fara. Ɗari huɗu da goma.

Sai da na faɗi adadin na ga abin da na yi.

Litinin, 22 ga Agusta, bakwai na safe

Kafin in hau keke na sake gaya masa: awa huɗu, Baba. Ba jirgin da ke kwana a sama.

Ya ce, “Na ji. Amma ka ji shi.”

Alhamis, 25 ga Agusta, shida da rabi

Ruwa: ɗigo huɗu.

Na ji.

Lahadi, 28 ga Agusta, bayan la'asar, Kebbe

Babu gero.

Ran Jumma'a bayan masallaci ya fara, shi kaɗai, da adda. Liman ya je ya yi masa magana, ya nuna kunnensa. Da maƙwabta suka ga tsoho zai faɗi cikin rana sai suka shiga suka taya shi, ba kiɗa, ba waƙa. Ba wanda ya taɓa ganin gayya irin wannan. Sun sare, sun kwashe karan, sun baje kunyoyin da hauya.

Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannuna. Ruwa fari kawai, ko tumu ba za ta yi ba. An ba shanu.

Yanzu daga bakin hanya kana ganin jar ƙasa shimfiɗe har gindin dawa, tsakiyar damana, ko'ina kore sai nan. Tsuntsayen da suka saba cin geron suna zuwa su yi ta kewaya wurin.

Wani yaro ya tambayi Baba wa ake yi wa filin. Ya ce, “Baƙi.”

Litinin, 29 ga Agusta, bayan isha, Tambuwal

Yau cika-ciki. Matar Ɗanmaliki ta aiko mini da tuwo da wutsiyar ragon layya. Kowa na cewa a ci a ƙoshi don shekara ta yi albarka.

Na leƙa rumbunsu jiya kafin in taso. Ana ganin ƙasansa.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan magariba, Kebbe

Na roƙi Ɗanmaliki ya riƙe mini awo kwana biyu. Ya ce, “Je ka. In an yi ruwa in rubuta an yi, in ba a yi ba in rubuta Allah ya kawo.” Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Garin duk ya fito bakin filin. An zuba toka layi biyu daga farko har ƙarshe, an hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya nuna iska. Ni na gaya musu haka ake yi. Tambayata aka yi.

Ƙarfe biyar hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, aka fara yayyafi, dawar ma ba a gani sosai. Baba Maccido bai kalli sama ba ko sau ɗaya. Ni yake kallo.

Na yi niyyar in tsaya kamar itace. Amma da ƙarar ta taso, kaina ya ɗaga da kansa, kamar na shanun.

Ya fi na Tambuwal kusa. Ya zo bisa kanmu, ƙarar ta ragu kamar yadda suke yi in za su sauka, sa'an nan ta sake tashi ta yi kudu.

Wuri ya rikice. Wannan na cewa ya ji, wancan na cewa ƙarya ne. Wani mahauci ya rantse ya ga Jumare ta taga yana kaɗa hula. Aka ce masa, “Kai da ba ka ganin ƙuda bisa nama, ka ga hula cikin hadari?” Har an fara dariya, sai aka tuna.

Baba bai tambaye ni ba. Ya riga ya gani.

Jumma'a, 2 ga Satumba, takwas na safe

Da gari ya waye Baba ya ɗaga ni muka koma filin.

A tsakiya, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, akwai layi biyu a jere. Tsakaninsu ƙafa bakwai, tsawonsu yadi arba'in. Ba su fito daga ko'ina ba, ba su je ko'ina ba. Babu sawun mutum ko na dabba kusa.

Na ce wataƙila ruwa ne ya bi gurbin tsoffin kunyoyi.

Ya ce, “Kunyoyina a gicciye suke.”

A gicciye suke.

“Ya taɓa, ya ga wurin bai isa ba, ya tashi. Kai kac ce ɗari shidda. Ni niy yi rowa.” Ya juya yana kallon dawar.

Dawar ta kai yadi ɗari biyu da 'yan kai. Ita kaɗai ta rage musu.

Ƙarfe uku na rana

Liman ya zauna da shi bayan Jumma'a, ni ina gefe. Ya ɗaga murya har ana ji a waje: “Maccido, akwai mai ciki gidanka, akwai yara. Allah bai ce ka kashe na ƙasa don na sama ba.”

Da ƙyar Baba ya yarda da abu ɗaya. Zai jira Alhamis mai zuwa, ko sama za ta washe matuƙin ya ga filin da kyau. Ba ya son taro, ba ya son masu ganin hula. Shi da Liman da ni kawai. In na ji jirgin kuma bai sauka ba, ran Jumma'a da safe dawa ta faɗi.

Liman ya ce, “In kuwa bai ji ba?”

Baba ya dube ni.

“In Attahiru bai ji ba, to babu.”

Kafin in tafi Yaya ta kira ni bayan ɗaki, inda ba mai ji. Ta rame, sai cikin.

“Atu, ni nic ce ma Goggo a share mai wuri. Ni nif fara faɗi.”

“Ba laifinki ba ne, Yaya.”

“Ba laifi nika tambaya ba. Tsakaninka da Allah, mutum na kwana ashirin sama ba ci ba sha?”

“A'a.”

“To mi muka ji?”

“Ban sani ba.”

Ta dubi yaran suna wasa da busasshen kara, suna yin jirgi da shi.

“Kai dai kullum sai abin da ka sani,” in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Lahadi, 4 ga Satumba, biyu na rana

Ruwa: inci ɗaya daidai.

Malaminmu a Ikko ya ce ma'auni ba ya jin tausayi, shi ya sa ake yarda da shi. Ya ce ranar da ka rubuta abin da ba ka gani ba, ka ɓata duk abin da ka rubuta kafin ta. Na haddace wannan har na ci jarrabawa da shi.

Litinin, 5 ga Satumba, bakwai na safe

Mil ɗari biyu da goma. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Mai na awa huɗu. Dawa dami sittin in ta yi kyau. Baki bakwai.

Talata, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Na ce wa Ɗanmaliki ya tsaya bayana ya buga tasa ba tare da ya gaya mini ba, in ga ko zan iya hana kaina motsi. Sau biyar ya buga, sau biyar na zabura.

Ya ajiye tasar ya ce, “Malam Atu, wane irin awo ne wannan kuma?”

Na ce na wuya ne.

Bai sake tambaya ba. Ya ce, “To ka sami abu guda ka kafa wa ido. Haka nake yi in Baturen waya na zagina.”

Laraba, 7 ga Satumba

Wataƙila gobe ba zai zo ba. In bai zo ba, ba sai na ce komai ba sai gaskiya.

Alhamis, 8 ga Satumba, bayan magariba, Kebbe

Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Rabon da in ga haka tun Yuni. Na ce a raina, yau ko tsuntsu ne ya gifta sai an gan shi.

Mu uku. An sabunta tokar, hayaƙi na tashi a miƙe. Liman ya zauna kan buzunsa yana jan tasbaha, kansa ƙasa. Baba ya tsaya gabana, addarsa a hannu, ya ba dawar baya. Bayansa, gindin wata ƙirya, an ɗaure wani sa nasa yana tuƙa.

Na zaɓi maɓallin wuyan rigarsa na kafa wa ido. Farin maɓalli ne, an ɗinke shi da baƙin zare.

Ban duba agogo ba. Ban bukata ba.

San ya daina tuƙa, ya ɗaga kai.

Yatsun Liman suka tsaya kan tasbaha.

Na ji shi cikin haƙorana. Na ji shi cikin ƙasa ta tafin ƙafata. Ya biyo layin toka tun daga bakin hanya, a hankali, ƙasa ƙwarai, ya bi ta kanmu. Rana na haska filin gaba ɗaya kuma babu inuwar komai a kansa. Hayaƙin bai ko karkata ba.

Maɓallin na da huda huɗu. Zaren ya bi uku.

Da san ya koma tuƙa, Baba ya ce, “Lokaci ya yi?”

“Ya wuce, Baba.”

“Attahiru. Ka ji?”

Ya matso har ina jin numfashinsa, idonsa kan bakina.

“Ban ji ba, Baba.”

“Ko kaɗan?”

“Ban ji komai ba.”

Bai ce in rantse ba. Bai waiwayi Liman ba. Ya tsaya yana kallona, ni ina kallon maɓalli.

Sai ya sunkuya ya ajiye addar a ƙasa, a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya zauna kan layin tokar da fararen kayansa. Ya dubi filin tun daga farko har ƙarshe.

“Jumare,” in ji shi.

Ba da kuka ba. Yadda ake kiran mutum daga gonar maƙwabci in abinci ya iso.

“Jumare.”

Liman ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Har muka iso gida bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Jumma'a, 9 ga Satumba, tara na safe

Liman ya tambaye ni, gaban dattawa, daga wace rana za a lissafa takabar Yaya. Na ce Alhamis, sha ɗaya ga Agusta, ƙarfe shida na yamma. Wannan kam lissafi ne, zan iya tsayawa a kansa ko'ina.

Yaya ta cire 'yan kunnenta da warwaronta, Goggo ta kwance mata kitso. Da na shiga sallama tana zaune kan tabarma a ɗakinsa. Kwanon nan da faifai yana gefe, wanke, a kife.

Na durƙusa.

Ta ce, “An ce ba ka ji ba.”

“E, Yaya.”

“Ni ma jiya kunnena ya toshe.” Ta gyara lulluɓinta. “Ka ci abinci kafin ka hau keken ga, ka ji? Ka zama kamar kara.”

Tsofaffin mata har sun fara kiran abin da ke cikinta da sunan da ake ba wanda bai tarar da ubansa ba. Ba zan rubuta shi ba tukuna.

Litinin, 12 ga Satumba, bakwai na safe, Tambuwal

Ruwa: ɗigo bakwai.

Wani mai jaki daga Kebbe ya ce dawar ta fara fid da kai. Ya ce Baba Maccido ya sa an watsa wake a filin, ko za a sami wani abu kafin ruwa ya ɗauke. Ya ce yanzu tsohon ba ya rufe baki da sunan, kowa ya zo gaisuwa sai ya ba shi labarin Jumare tun yana rarrafe.

Na duba awon da Ɗanmaliki ya yi mini. Ya rubuta inci ɗaya inda na tabbata bai kai ba. Na ɗauki alƙalami zan gyara, sai na bar shi.

Laraba, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Ɗanmaliki ya ce gobe in zo gidan waya tun biyar mu sha shayi, na'ura na ƙara, ba mai jin komai. In shida ta yi sai in fita in yi awona kamar kowane malami.

Na ce to.

Alhamis, 15 ga Satumba, shida da minti goma

Ban je shayin ba. Biyar da kwata ina gaban ma'auni.

Ruwa: babu. Iska daga kudu maso yamma, mara ƙarfi. Sama a washe.

Ban ji komai ba.

Shanun bayan makaranta ƙuda ne ya dame su.

Ban ji komai ba.

Yau bai yi kudu ba. Kewaya ni yake.